Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin kulob ɗinmu na motocin daji: fita 24 a shekara ta yi mana yawa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe ciyaman, malam sakatare, ma'aji da sauran 'yan kwamiti, ina gaishe ku da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, ya aiki ya haƙuri da mu. Mun san ɗawainiyar da kuke yi ba albashi ba alawus, Allah ya saka da alheri ya ƙara haɗa kanmu.

Na rubuto wannan ne a madadin masu jan ayari da masu rufe baya, da 'yan uwanmu da ke aikin ceto idan mota ta kafe, sai kuma wasu daga cikin sabbin mambobi da suka same ni suka ce su kam nauyi ba zai bar su su tashi su yi magana a mitin ba. Ban sa sunan kowa ba, amma duk wanda na kawo maganarsa sai da ya karanta ya amince sannan na fitar. Kuma na zaɓi in yi ta a buɗe ne saboda abun ya shafi kowa da kowa, ba maganar da za a yi a bayan mota a wuce ba ce.

Maganar kalandar baɗi ce da kuka fitar. Kun ce za a koma fita biyu a kowane wata, wato 24 a shekara kenan, ban da babban gangami har guda uku, alhali a da fita ɗaya muke yi a wata da gangami ɗaya a shekara. Mun ji dalilanku kuma ba mu raina su ba: mambobi sun ƙaru, wasu suna ƙorafin sun biya kuɗin rajista amma ranar fita tana cin karo da aikinsu, masu ɗaukar nauyi suna son a dinga ganin tambarinsu akai-akai, sannan ga wasu kulob ɗin da kusan kullum suna daji suna saka hotuna, ana ganin kamar an bar mu a baya. Duk mun fahimta. Abun da muke cewa shi ne an fara lissafin ne daga yawan ranakun da ake so, ba a fara daga yawan mutanen da za su ɗauki ranakun ba, kuma wallahi a nan matsalar take.

Zan fara da mutane, kuma a nan zan fi daɗewa don shi ne ya fi damunmu.

Wanda yake zuwa da safe ya shiga layi ya bi motar gaba har yamma, shi a wurinsa fita kwana ɗaya ce. A wurin mai jan ayari ba haka take ba. Kafin ranar sai an je an duba hanyar da mota biyu aƙalla, don hanyar da ka bi wata uku da suka wuce ba ita ce ta yau ba, ruwa ya ci gefe, bishiya ta faɗi ta tare, mashigar rafi ta yi zurfi ko wani ya kewaye filinsa. Sai an sauka an taka ruwan da ƙafa ko a zura sanda a san zurfinsa a san ƙasan yashi ne ko taɓo, sai an san inda waya ke da sabis da inda babu, inda za a juya ayari idan gaba ta ƙi, da asibiti mafi kusa da tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a kai mutum can. Sai an nemi masu filin an gaisa an nemi izini. Daga nan a dawo a tantance motocin da suka yi rajista, waye yake da wurin ɗaura igiya na gaske gaba da baya, waye safayarsa ba iska, waye bai taɓa saka giyar ƙasa ba, wato giyar ƙarfi ta tafiya a hankali a wuri mai wuya, tunda ya sayi motar. A yi cajin oba-oba, a duba akwatin magani, a shanya igiyoyin da suka jiƙe a fitar baya a duba ko zare ya fara tsinkewa. Ranar fitar kuwa mai jan ayari shi ne farkon zuwa, mai rufe baya shi ne ƙarshen komawa gida, don ba ya tafiya sai motar ƙarshe ta hau kwalta, ko da kuwa janta ake yi.

Toh ku yi lissafin da kanku. Fita 24 tana nufin duba hanya sau 24, kwana 48 kenan tun ba a sa gangami uku da shirye-shiryensu ba, shekarar kuma mako 52 ne kacal, wato kusan kowane mako sai an shiga daji. Su wa za su yi? Ku ɗauko takardun fitar da muka yi a baya ku duba sunayen da ke wurin jagora da mai rufe baya, za ku ga sunaye ne 'yan kaɗan suke ta juyawa, yatsun hannu sun isa a ƙirga su. Waɗannan mutanen suna da aiki suna da iyali, kuma sun riga sun gaji tun a tsarin fita ɗaya a wata. Akwai waɗanda suka gaya min kai tsaye cewa idan aka tafi da wannan kalandar su za su ajiye jagoranci su koma bin layi kamar kowa, ba don fushi ba, kawai jiki da gida ba za su ɗauka ba. Idan suka ajiye kuma ba soke fitar za a yi ba tunda an riga an sanar, wani za a nemo a ce ya ja, wanda bai kai ba, kuma ni wannan ne yake hana ni sukuni.

Bari in gaya muku abun da na gani da idona a wata fita da aka yi ta da ƙarancin hannu, wasunku suna wurin amma suna can gaba. Wata mota ta kafe a taɓo har cikinta ya zauna, tayoyi huɗu suna juyawa a banza suna watsa laka. Mai ceton da muke da shi a ranar guda ɗaya ne kuma yana gaba yana fama da wata motar. Wani sabon mamba, mutumin kirki mai son taimako, ya ja da baya ya ɗauko igiyar fizga, wato igiya mai miƙewa da ake fizgo motar da ta kafe da ita, ya saƙala ta a kan ƙwallon jan tirela na motarsa, ya shiga ya saka giya yana shirin taka totur, ga mutane sun kewaye suna ɗaukar bidiyo, akwai yaro a tsaye dab da igiyar hannunsa cikin na babansa. Allah ya sa mai rufe baya ya iso a daidai lokacin, ya diro daga mota ko ƙofa bai rufe ba yana ɗaga hannu yana ihun a tsaya. Ya cire igiyar, ya kori kowa baya nesa, ya sa aka haƙe lakar da ke gaban tayoyin da shebur aka rage iska, ya ɗaura a inda ya kamata ya ɗora bargo mai nauyi a tsakiyar igiyar, sannan aka ja a hankali motar ta fito. Kun san dai abun da ake gudu, wannan ƙwallon ba a yi shi don fizga ba, igiyar tana miƙewa ta tara ƙarfi, idan ƙwallon ya karye yana tashi ne da gudu ya fasa gilashi, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanyar a ƙasashe daban-daban. Shi sabon mamban ba shi da laifi, ba wanda ya taɓa koya masa, kuma ba wanda ya koya masa ne saboda duk masu iya koyarwar suna can suna shirya fita ta gaba. Yanzu a ninka yawan fitar, a bar yawan masu ceto yadda yake ko ma ya ragu, ku gaya min ranar da mai rufe baya ya makara da minti ɗaya me zai faru.

Na biyu, motocin kansu. Mota mai jan ƙafa huɗu tana da ƙarfi amma daji yana cin ta. Duk fitar da aka yi cikin ƙura sai filtar iska ta toshe, duk wadda aka yi cikin laka sai lakar ta shiga birki ta liƙe a lagireto ta taru a cikin rim, in ba a wanke da wuri ba ta bushe ta fara cin roba tana kawo tsatsa. In an ratsa ruwa mai zurfi kuma dole a duba man aksul da na giya, don aksul ɗin yana da zafi, da ya shiga ruwan sanyi sai iskar cikinsa ta tsuke ya zuƙo ruwa ta hancin numfashinsa, ka buɗe ka ga man ya yi fari ya lalace, in ka bar shi haka kuma haƙoran ciki ne za su tafi. Ga robar shaf da ƙaya ke yagawa, ga boljoyin da bushin da shokazoba da suke shan duka a kan duwatsu. Kowa ya buɗe littafin motarsa zai ga masu ƙera ta sun ware jadawalin sabis daban na mai tuƙi cikin ƙura da hanya mara kyau, kuma ya fi na mai bin kwalta matsewa sosai. Mako biyu tsakanin fita da fita ba ya isa a kai mota gareji a jira kaya su zo a ɗaura a gwada, musamman ga mafi yawanmu da motar dajin ita ce dai motar zuwa aiki da kai yara makaranta. Abun da zai biyo baya mun san shi, mutum zai ce bari in lallaɓa ta wannan fitar in na dawo na gyara, sai ta tsaya mana a tsakiyar daji ayari gaba ɗaya ya kwana a kanta. Masu hali da ke da mota biyu ko uku ba za su ji ba, amma kulob ɗin ba nasu ba ne su kaɗai.

Na uku shi ne ƙasar da muke bi, kuma ina roƙonku ku saurari wannan da kyau don in ta ɓaci kuɗi ba ya gyara ta da wuri. Hanyoyin da muke da izinin bi ba su da yawa, in aka ce fita 24 dole a dinga maimaita su, hanya ɗaya a bi ta sau uku sau huɗu a shekara, kuma kalandar ba ta ɗaga ƙafa ko a tsakiyar damina ba. Ƙasa in ta jiƙe mota goma suka bi ta a jere sai sawun taya ya zama rami, na baya ya ga ramin ya yi zurfi ya kauce ta gefe ya buɗe sabon sawu, na bayansa ma ya ƙara kaucewa, kafin ka ankara hanyar da faɗinta na mota ɗaya ne ta koma fili. A gangare kuma ruwan sama yana samun wannan sawun ya bi shi da gudu yana kwashe ƙasa, shekara ɗaya biyu ya zama kwazazzabo, ƙasar da ya kwasa ta gangara cikin rafin da mutane da dabbobi suke sha. Mu mun tafi gida mun wanke motocinmu, masu wurin su ne za su zauna da ɓarnar, su ne za su kasa fitar da amfanin gonarsu ta hanyar da muka farfasa. Akwai wani dattijo mai fili da yake buɗe mana shinge da hannunsa duk lokacin da muka je, a zuwanmu na baya ya ja ni gefe ya kai ni ya nuna min inda tayoyinmu suka ci bakin gonarsa, ramin ya kai min gwiwa ruwa kwance a ciki, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi ku dinga bari ƙasa ta sha iska kafin ku dawo. Mutumin da ya yi maka magana haka, in ka dawo masa bayan mako biyu da mota ashirin ai ka san amsar da za ka samu a karo na gaba.

Kuma ba mu kaɗai wannan ya taɓa ci ba. A Amurka akwai wurin tuƙin daji da ake kira Tellico a jihar North Carolina, ya yi suna sosai a wurin masu irin wannan wasan, hukumar gandun daji ta rufe shi a 2009 saboda lakar da ke gangarowa daga hanyoyin tana gurɓata kogin da ke wurin. A Ingila ma hukumomi suna da ikon hana motoci bin tsofaffin hanyoyin karkara, wasu na wani lokaci a shekara wasu gaba ɗaya, kuma sun yi amfani da ikon a wurare da dama. Shirin Tread Lightly da yawancinmu muka san sunansa a jikin sitika, hukumar gandun dajin Amurka ce ta fara shi a 1985 saboda irin wannan ɓarnar, kuma cikin abun da yake koyarwa har da tsayawa a kan hanyar da aka ware da gujewa ƙasa mai laushi lokacin da take jiƙe. Mun manna sitikar a gilashi, ya kamata a gan ta a kalandarmu ma.

Na huɗu, akwai hujjar da kuka kawo wadda na yarda tana da ƙarfi, cewa in fita ta yi yawa ayari zai ragu a daina tara mota talatin a rana ɗaya. Gaskiya ne ayari mai tsawo wahala ne, wuri ɗaya mai wuya in kowace mota ta ɗauki minti biyar kafin ta haye, mota talatin awa biyu da rabi kenan ana tsaye a rana, na baya ba ya jin na gaba a oba-oba, dokar nan ta kowa ya kula da motar da ke bayansa ma ta watse. Amma maganin wannan shi ne a sa iyaka a yawan motocin kowane ayari, in an yi yawa a raba gida biyu a rana ɗaya, masu sauƙi da masu wuya, duba hanya ɗaya izini ɗaya. In kuma aka watsa mutane cikin ranaku 24 ɗaya matsalar ce za ta fito, wata fitar mota uku ce za ta zo, ɗaya ta fasa da asuba, a rage biyu, jagoran da ya kashe kwanansa ya duba hanya ya rasa yadda zai yi, ya soke ne ko ya shiga daji da mota biyu wanda in ɗaya ta mutu ɗayar ta kafe shikenan ba mai jan wani. Sannan daɗin kulob ai haɗuwar ce, a ga juna a san juna, sabo ya zauna kusa da tsoho ya ji yadda ake karanta hanya. In kowa yana zuwa ranarsa daban sai a shekara wasu ba su haɗu ba.

Sai maganar gangami uku. Dan Allah ku duba manyan tarukan da duniya ta sani a wannan harkar. Gasar Dakar da ta fara tashi daga Paris a ƙarshen 1978, ta koma Kudancin Amurka a 2009 sannan Saudiyya a 2020, da duk ma'aikata da kuɗin da ke bayanta sau ɗaya ake yinta a shekara. Easter Jeep Safari na garin Moab a jihar Utah tun 1967 ake yi, sau ɗaya a shekara, da izinin hukuma kuma kowace hanya da iyakar motocin da za ta ɗauka. Jeepers Jamboree da ake yi a hanyar Rubicon ta California tun 1953 shi ma taron shekara-shekara ne. Waɗannan suna da hannaye da yawa fiye da mu nesa ba kusa ba. Mu gangami ɗayan da muke yi kun fi kowa sanin yadda yake cin watanni, neman izini, maganar inshora wadda da yawan takardun inshorar mota na yau da kullum ba sa ɗaukar abun da ya faru a gasa ko a wajen hanya, motar asibiti da ma'aikacin lafiya, banɗaki, ruwa, masu tsare 'yan kallo kar su shiga gaban mota, da kwashe shara washegari wanda kullum mutanen nan dai 'yan kaɗan ne suke tsayawa yi bayan kowa ya watse. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gangami uku yana nufin ana gama wannan an riga an makara a shirin na gaba. Guda ɗaya da aka yi shi da kyau mutane suka koma gida lafiya suna labarinsa zai fi yi wa masu ɗaukar nauyin amfani a kan uku da aka yi a gurguje, ku gwada gaya musu haka, ina kyautata zaton za su gane don su ma ba sa son a ga tambarinsu a wurin da aka yi haɗari.

Iyali kuma ba sai na ja ba. Duk wanda yake jan ayari ya san irin kallon da ake masa a gida in ya ce wannan makon ma ba ya nan, kuma suna da gaskiya.

Abu na ƙarshe a ƙorafin shi ne yadda aka yanke hukuncin. Ba a kawo shi babban taro ba, ba a kira masu jan ayari an tambaye su kwana nawa kowa zai iya bayarwa ba, mun wayi gari ne kawai muka ga kalanda har da sunayen wasunmu a gaban ranakun da ba a tambaye mu ba. Ranka ya daɗe, wannan ya yi mana ciwo, ba don muna neman a girmama mu ba, sai don aikin sa kai ne, kuma mai aikin sa kai tambayarsa ake yi. Da an zauna da mu awa ɗaya da duk abun da ke cikin wannan wasiƙar mun faɗe shi a can.

Ga abun da muke roƙo.

A dakatar da wannan kalandar tukuna, kar a karɓi rajistar kowace fita a kanta, a kira babban taro cikin wata guda a sa maganar a gaba a kaɗa ƙuri'a. Kafin taron a ba kowane jagora da mai rufe baya da mai ceto takarda ya rubuta da hannunsa fita nawa zai iya ɗauka a shekara har da ranar duba hanya, a haɗa, a raba da yawan hannun da kowace fita take buƙata, abun da ya fito shi ne iyakar abun da za mu iya, kuma ma a rage kaɗan saboda rashin lafiya da tafiye-tafiye da uzurin da ba a shirya masa ba.

A namu ganin, kuma mun tattauna sosai kafin mu kawo, fita 10 a shekara ta isa a yanzu, ɗaya a wata, a bar wata biyu na tsakiyar damina ba fita sam ƙasa ta huta motoci su shiga gareji. Gangami ya tsaya ɗaya. A cikin ranakun da aka samu sarari a ware biyu na koyarwa zalla a fili mai sauƙi kusa, a koya wa sababbi saka giyar ƙasa, rage iskar taya da mayar da ita, hawa da sauka a gangare, amfani da winci da igiya da inda ake ɗaurawa da inda 'yan kallo za su tsaya, kuma a mai da shi sharaɗi kafin mutum ya shiga fita mai wuya. A ware rana ɗaya ko biyu na gyaran hanya, mu je da shebur da diga mu cike ramukan da muka yi mu buɗe wa ruwa hanyar da zai bi ya sauka gefe, mu kwashe shara, masu filin su gan mu mun zo ba don wasa ba.

A sa doka a rubuce cewa ba fitar da za a yi sai da jagora da mai rufe baya da mai ceto waɗanda aka tantance, da mai ilimin agajin gaggawa, kuma ba a shiga daji da ƙasa da mota uku, ba a wuce mota 12 a ayari ɗaya. A ba jagora ikon soke fita in an yi ruwa mai yawa ko hannu bai cika ba, ba tare da ya nemi izinin kowa ba kuma ba tare da an yi masa surutu daga baya ba, wanda ya biya a mayar masa ko a ɗaga masa zuwa ta gaba. Kar a maimaita hanya ɗaya fiye da sau biyu a shekara sai da yardar masu wurin.

Su kuma 'yan uwanmu da ranar fita take cin karo da aikinsu, haƙƙinsu ne a duba su, a dinga juya ranakun tsakanin Asabar da Lahadi, a fitar da kalandar shekara tun da wuri kowa ya shirya, kuma wanda ya rasa gurbi a wannan watan a sa shi a gaba a wata mai zuwa.

Sannan a fara renon sabbin jagorori daga yanzu, kowane tsohon jagora a haɗa shi da mutum ɗaya da zai dinga binsa duba hanya yana zama kusa da shi a gaban ayari har ya ƙware. Mu mun ɗauki alkawarin yin wannan in kun amince. In shekara ta zagayo aka ga hannaye sun ƙaru, a dawo babban taro a sake lissafi a ƙara fita biyu ko uku daidai da abun da aka samu, ba wanda zai yi jayayya da hakan a cikinmu.

Muna jiran amsarku a rubuce kafin mitin na gaba, kuma a shirye muke mu zauna da ku duk ranar da kuka sa, za mu zo da takardun fitar baya da jerin hanyoyin da halin da kowacce take ciki yanzu. In akwai inda harshe ya yi kaifi a wannan wasiƙar a yi mana afuwa.

Wassalam.

Naku,
Ɗaya daga cikin masu jan ayari, a madadin jagorori, masu rufe baya, masu ceto da sabbin mambobin da suka amince da ita.